Shekarar da Ruwa Ya Ƙi Ja da Baya

Tun da kaka ta kama bana hancina bai huta ba. Ruwan tafki ya hau ya kwanta kan shinkafar Garba, babban ɗana da nake zaune a gidansa, saura ƙiris a yanke ta. Abin da suka iya tsamowa da kwalekwale suka shanya a tsakar gida, ya ƙi bushewa, ya yi baƙi, yana tsami kamar ƙullun da ya kwana biyu. Kaji ma sai su tona su bar shi. Matan gida suna ta toshe hanci da bakin zane, ni kuwa ko a jikina, don na san irin warin nan tun ba a haifi mazajensu ba.

Ana cikin haka Auta ya bugo waya daga ƙasar Turawa. Sunansa Haruna, amma ni Auta na sani. Karatu ya kai shi, ya zauna, aka ɗaura masa aure da Hajara, 'yar garin Shanga, aka kai masa ita. Suna da 'yan mata biyu da ban taɓa gani ba sai a gilashin waya, shi ma gilashin yanzu dishi-dishi nake ganinsa, saboda yanar da take rufe mini ido.

Muka gaisa, ya yi jajen shinkafa, sai ya hau kame-kame. Na ce, "Kai, in magana ce ka yi ta, in kuma kuka ne ka bari in gyara zama."

Ya ce, "Inna, tambaya gare ni, kuma ba yau nike son amsa ba. In taho gida?"

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Takardar zamansa ta ƙare da daɗewa. Sabuwar tana jiran wata doka da 'yan majalisar ƙasar suka kasa yankewa. In ya fito, ba za a bar shi ya koma ba. In ya zauna, ba shi da halin ya zo ya gan ni. Ya ce ran Juma'a zai sake kira, kuma abin da na ce shi zai yi.

Ka ji ɗan nema! Kayan da ya fi ƙarfin wuyansa ya sauke ya aza wa tsohuwa. Na ajiye wayar a kan tabarma, warin nan yana shiga mini har maƙogwaro, sai ga ni a shekarar da aka tare kogi.

Mu mutanen gungu ne, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa. Albasa muke nomawa, da ita aka san mu, kuma kogi ne yake gaya mana lokacin kowane aiki. Da damina farin ruwa yake zuwa, mai kauri kamar koko, ya cika ko'ina. In kaka ta yi sai ya ja da baya, ya bar laka mai laushi a baki. A cikin lakar nan ake zuba irin albasa. In sanyi ya shigo sai baƙin ruwa ya biyo baya, garau da shi, daga wata ƙasa mai nisa. Shi ba ya kaiwa inda farin ya kai. Yakan zo dab da gindin fangalin da muka tayar wa albasa ya tsaya, mu sa ƙwarya mu ɗiba mu watsa. Haka kakannin kakanninmu suka tarar, ba wanda ya taɓa jin shekarar da aka yi dabam.

Ina amarya da cikin fari aka ce kowa ya tashi, an gina dam a Kainji, gungu zai nutse. Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fi kowa murna. Ya yi aikin sharar daji da masu awo, yana riƙe wa wani Bature sanda, ya dawo da kalma ɗaya a baki: ci gaba. Ci gaba da safe, ci gaba da yamma, har na fara ce masa Malam Ci-gaba in ba kowa kusa. Ya ce Baturen ya gaya musu ta bakin tafinta cewa a ƙasarsu kowane ɗa yana fin ubansa jin daɗi, jika kuma ya fi ɗa, haka abin yake tafiya ba ya komawa baya. Wai hanya guda ce duk duniya ake bi, su suna gaba, mu muna baya, amma wuri ɗaya za a sauka.

Na ce, "To, in an sauka mi za a ci?"

Ya ce, "Ke dai ba ki da magana sai ta tuwo. Wuta za a kawo har ɗakinki, ki taɓa bango haske ya taho."

Aka kwashe mu da manyan jirage zuwa sabon gari a kan tudu. Gidajen siminti ne, jere reras, masu rufi lanƙwasasshe. Kyau kam akwai shi, daga nesa. In rana ta take kuwa, ka shiga ciki kamar ka sa kai a tanda, mu mata sai gindin bango muke bi muna neman inuwa. Ƙasar wurin jar tsakuwa ce, fartanya ta dira ta yi tsalle. Geron da aka shuka a gaggauce ya fito kamar gashin tsoho. Amma ba wanda ya damu ƙwarai, don mu gero ba shi ne abin dogaronmu ba. Albasa muke kai wa kasuwar Yelwa mu sayo hatsin shekara.

Ruwa ya yi ta hawa duk damina. Muna kallo ya ci gonakin fadama, ya ci hanyar da muka biyo, har wata safiya aka duba ba a ga kan tsamiyar gungunmu ba. Tsofaffi suka yi kuka. Da kaka ta yi sai hawan ya lafa, ruwan ya fara washewa. Baba, uban Malam, wanda shi ke riƙe da goran da ake adana irin albasar gidanmu, ya sauka baki ya tsoma ƙafa, ya duba laka, ya ɗago ya ce, "Ya fara ja. Gobe a fito gayya."

Masu awo sun kafa wani turken siminti mai jan fenti can sama, cikin tsakuwa, sun ce nan ruwa zai tsaya. Malam ya tuna wa Baba. Ya ce, "Baba, an ce har turken can ruwan ga zai kai."

Baba ya ce, "Wa ya ce?"

"Bature."

"Bature ya sha ruwan Kwara? Tun da uwata ta haife ni ban ga ruwa ya hau tudu da kaka ba. In mun zuba iri bisa tsakuwa, da mi za mu yi ban-ruwa, da yawu?"

Gaskiya kuwa ya faɗa. Daga turken zuwa bakin ruwa tafiya ce, ba macen da za ta yi ta da ƙwarya a kai tun safe har yamma. Laka kuwa a baki take. Duk garin aka bi Baba.

Ban manta gayyar nan ba. Maza suka jera da fartanyu suna tayar da fangali, ana kiɗa, ana yi wa ragwaye waƙar zambo. Mu muka dafa ɗan abin da ya samu, muka kai musu da fura. Ina tafe da ciki ƙato, laka tana kama mini ƙafa, sanyin safiya yana ratsa zane, amma raina fari ƙal. A karo na farko tun da muka tashi na ji kamar muna gida. Baba ya zazzage rabin goran, ya gauraya da toka, ya yayyafa da hannunsa, aka rufe da ciyawa.

Iri ya tsiro, kore shar, siriri kamar allura. Sai wata safiya yara suka dawo da gudu suka ce ruwa yana cikin fangali. Ba ambaliya ba ce, ba ƙara, ba igiya. Hawa kawai yake yi a hankali, yau ya taɓa kunya, gobe ya rufe ta. Muka tsaya cirko-cirko muna kallon ganyen yana rawa a ƙarƙashin ruwa. Da ya kwana biyu sai ciyawar rufi da tsiron suka ruɓe, wari ya tashi, irin wannan da ke tsakar gidanmu yau.

Baba ya ce baƙin ruwa ne ya yi sauri bana, yanzu kam ya kai iyakarsa. Aka matsa sama, aka sake tayar da fangali, aka zuba sauran rabin. A makon ne na haihu, namiji. Ina wankan jego aka zo aka ce ruwa ya ci na biyun.

Na ukun ba na gida ɗaya ba ne. Kowa ya kakkaɓe gindin goransa, aka haɗa a ƙwarya guda, har da wanda wata tsohuwa ta ɗaure a bakin zane don jikokinta. Wannan karon ba kiɗa, ba fura. Liman ya yi addu'a, masu bin al'adar da su ma suka yi nasu a gefe, ba wanda ya hana wani. Aka kafa kara a bakin ruwa, maza suna zuwa duba shi bayan kowace salla. Ruwan ya ci karan, ya ci fangalin, bai tsaya ba sai da ya je ya lashi gindin jan turken nan. Ashe kogin da muka sani ya mutu tun ranar da aka rufe ƙofar dam. Wannan wani ruwa ne dabam, mai bin umarnin waɗanda ba mu taɓa gani ba.

Daga nan yunwa ta shigo, ba ta yi sallama ba. Geron tsakuwa ya ƙare tun sanyi bai fita ba. Aka koma tuwo sau ɗaya a yini, daga baya kunu, daga baya ruwan kunu. Aka sayar da awaki. Abin haushi, kifi ya cika tafkin maƙil, amma ba namu ba ne. Mu gura, tarkon kifi na saƙa, muka iya kafawa a mashigin ruwa marar zurfi, ga shi ba sauran mashigi. Kwalekwalenmu ƙanana ne, iska ta taso a tsakiyar wannan faɗi sai kifewa. Ɗan tarun da Malam ya aro ya maƙale a itatuwan da ruwa ya binne, ya fito a yage. Baƙi suka zo daga nesa da manyan taruna suna kwasa, muna tsaye muna haɗiyar yawu. Wani lokaci mu mata mu je mu taya su fiɗa, a ba mu kai da hanji.

Bazara ta zo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Siminti ya yini yana shan rana, bango ya yi zafin da ba a jingina da shi. Da asuba mu shiga daji neman ganye, kuka, ɗinya, kanya, duk abin da akuya za ta ci ba ta mutu ba. Bado da muke tonowa a gungu in an shiga matsi, shi ma yana ƙarƙashin ruwa. Na san ɗanɗanon dusa da gishiri. Na san yadda ido yake yin duhu in ka miƙe daga tsugune. Hukuma ta kawo garin masara sau ɗaya ko biyu, aka raba da gwangwani, bai kai ko'ina ba.

Nonona ya ƙafe. Yaron ya yi ta tsotsa yana saki yana kuka, har ya daina kukan, wanda ya fi kukan ciwo. Ɗan fari ne, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ni kuwa yarinya ce mai kunya. Sai mutane sun juya baya nake kallonsa. Ya rasu ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Har yau bakina bai taɓa furta sunan yaron nan ba, kuma ba sauran mai tunawa da shi a duniya sai ni.

Da aka dawo daga kai shi, Malam ya zauna a bakin ƙofa, idonsa jawur. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Wanga shi ne wurin wuya na hanyar. Su ma Turawa sun bi ta nan kafin su kai. Ɗiyanmu da za su taho ba za su san haka ba."

Wallahi na so in kwaɗa masa muciya. Amma ba ni da wani abin riƙewa, sai na riƙe maganar. Na ce wa raina, to, ba a banza ya tafi ba, kuɗin jirgi muka biya, ƙetare yana nan gaba. Da wannan na tashi na hura wuta washegari.

Baba bai sake taɓa fartanya ba. Ya yini yana kallon tafki, bai kai wata kakar ba. Mu muka koyi halin sabon ruwa a hankali, muka sayo irin albasa a wajen wasu, ba ta taɓa yin yajin tamu ba. Malam ya sa duk 'ya'yansa boko, maza da mata, ana zaginsa yana dariya. Turakun wuta sun zo bayan na fara furfura. Wutar takan leƙo kamar baƙuwa mai sauri, yara su yi ihu, kafin ka nemo abin cajin waya ta tafi. Ranar da Auta ya tashi zuwa ƙasar Turawa, Malam yana kwance ba lafiya, ya kama hannuna ya ce, "Kin gani? Ɗayanmu ya kai." Ya rasu da wannan farin ciki, kuma na gode wa Allah da bai kai yau ba.

Don abin da Auta yake gaya mini shekarun nan ba shi ne abin da Bature ya gaya wa tafinta ba. Ya ce a can an yi zaɓe, ba wanda ya ci da rinjaye, suka sake, haka dai. Waɗannan ba sa zama da waɗancan, waɗancan sun rantse ba za su sa hannu a abin da waɗannan suka kawo ba. Wasu na cewa a kori baƙi, wasu na cewa a ba su takarda, ba mai ƙarfin yin ko ɗaya. Gada ta lalace a garinsu, an yi shekaru ana gardamar wanda zai gyara. Na ce, "Kai Auta, ko dai Nijeriya aka mayar da kai ba ka sani ba?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Shi da ya karanta aikin injiniya, yanzu a gidan tsofaffi yake aiki, yana yi musu wanka yana ba su abinci. Akwai wani tsoho a cikinsu da yake yawan hira da shi. Ya yi aikin masana'anta duk rayuwarsa, ya sayi gida, ya yi mota. Masana'antar an rufe ta. 'Ya'yansa sun fi shi karatu, ga su da furfura suna haya, jikokin kuma sun ce ba za su haihu ba, wai ba su ga duniyar da za su kawo yaro cikinta ba. Tsohon ya ce wa Auta, su ne na ƙarshe da suka yarda gobe za ta fi yau, yanzu ba mai faɗin haka a ƙasar sai ɗan siyasa, shi ma ba a sauraronsa.

Na ce, "Tambaye shi ko ya taɓa zuwa awo Yauri." Wasa na yi, amma da aka kashe wayar jikina ya yi sanyi. Na yi shekara hamsin da ɗoriya ina cewa kuɗin jirgi muka biya. Yau ga na gaban jirgin suna leƙowa suna cewa ba gaɓa. To yaron nan da na rasa fa? Don me ya tafi? Wannan tambaya ta hana ni cin abinci, kuma ba wanda zan yi wa ita.

Na nemi shawarar Garba ran Alhamis, yana juya shinkafarsa da ƙafa. Ya ce, "Inna, ya taho ya ci mi? Wagga?" Ya shuri baƙin tsibin. "Ga gonakin tudu ba mai zuwa don tsoron 'yan bindiga. Ki tuna abin da anka yi wa yaran makarantar kwana nan kusa da mu. Ɗiyanshi mata ne." Sannan ya ce, "Amma ke kika san abin da zuciyarki ka so."

Na sani kuwa. So nake in shafa fuskarsa tun idona yana rarrabe mutum da inuwa. So nake in ji nauyin 'yan matan nan a cinyata, in yi musu tsiyar ba su iya Hausa ba. So nake in na mutu ya kasance cikin masu ɗaukata. Ba wani abu nake nema a duniya ba bayan wannan.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci waya ta yi ƙara. Matar Garba ta danna ta miƙo mini, ta ja yara suka ba ni wuri.

Ya ce, "Inna, kin yi tunani?"

Na ce, "Na yi. Ka zauna."

"Inna, nan ɗin ba ya gyaruwa fa. Kar ki zaci jira zan yi abu ya canza."

"Ban ce zai gyaru ba. Na daina faɗin wagga magana. Can ba gaba, nan ba baya, na ji. Amma ɗiyanka suna zuwa makaranta da safe su dawo da yamma?"

"Suna dawowa."

"Uwarsu tana da abin ba su?"

"Tana da shi."

"To ka zauna."

Can ya ce, "Inna, to yaushe zan gan ki?"

Na ce masa kuɗin wayarsa suna ƙonewa a banza, ya gaida mini Hajara da yara. Sannan na miƙa wa matar Garba ta kashe, don ni ba na ganin wurin dannawa.